Ka Daina Cewa Na Ƙanenka Ne

Duk mai shimfiɗa kayan wasan yara a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ya san irin wannan saurayi. Zai zo kamar wucewa yake, ya ɗan tsaya, sannan ya tsuguna ya shiga tonon tarin gwanjo: sojan roba mai guntulallen hannu, 'yar motar ƙarfe da fentinta ya koɗe, wani jarumin fim da ya rabu da hularsa tun kafin ya ƙetaro teku. Sai ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya kifar da shi ya duba ƙasansa, ya taya, kuma tun ba a tambaye shi ba ya ce, "Na ƙanena ne." Mai kaya ya san babu wani ƙane a zancen, don mai saya wa yaro ba ya tsayawa karatun abin da aka rubuta a ƙarƙashin mota. Amma kasuwa ce. Sai ya karɓi kuɗinsa ya ce Allah ya raya yaro.

Da wannan saurayi nake magana, da ƙanwarsa da ta kusa gama sakandare amma 'yartsanarta na nan a ƙasan akwati, naɗe cikin tsohon kallabi, ba ta son kowa ya gani. Ƙannena, abin da kuke ɓoyewa ba abin kunya ba ne. Sai dai yana da hanyar da ake bi ya zama abin kirki, yana kuma da hanyar da ake bi ya zama ɓarnar kuɗi da tarin shirgi, kuma tun daga farko hanyoyin suke rabuwa.

Masu cewa tara abubuwa don sha'awa ɗabi'ar Turawa ce ba su leƙa ɗakin kakarsu da kyau ba. Jere fa? Tun ana jera ƙorai masu zane, aka koma tasoshi, aka zo kan kwalla da fanteka da samira, yau ga kabet cike da tangaran da kuloli. Yawancin waɗannan kwanuka ba a taɓa zuba musu tuwo ba, ba kuma za a taɓa ba. Amma ka zauna da mai ɗakin ka tambaye ta. Za ta nuna maka wanda mahaifiyarta ta saya tun tana goye, da wanda goggonta ta kawo gudummawa, da wanda aka yi yayinsa shekarar da aka yi mata aure har aka sa masa suna. Ta san wanda ya yi ƙaranci yanzu, ta san na gaske ta san kwaikwayo. Idan aka ɗauke mata ɗaya daga tsakiyar jeren, tana shigowa za ta gane. Babu wanda ya taɓa ce mata wasan yara take yi. Haka mai kiwon tattabaru da zai kwana yana lissafa maka irin kowace da asalinta, haka dattijon da ya ajiye rediyo huɗu alhali kunnuwansa biyu ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Naku ya zo a kan ƙananan motoci da 'yan mutum-mutumi, shi ke nan.

Abin da nake so ku ɗauka daga mai jere shi ne sanin da ta yi wa kayanta. Daɗin tara abu ba a yawansa yake ba. Wanda ya mallaki buhu guda na kayan wasa bai san labarin ko ɗaya ba, dillali ne da bai samu ciniki ba. Wanda yake da goma ya san kowanne ciki da bai, shi ne mai tari.

Ɗauki 'yar motar ƙarfen nan ka kifar da ita. A jikin farantin da ke riƙe da tayoyin za ka ga rubutu ƙanana: sunan kamfani, sunan motar da aka kwaikwaya, ƙasar da aka ƙera ta, wani lokaci da shekara. Idan ka ga Matchbox, wannan suna ne da wani kamfanin Ingila mai suna Lesney ya fito da shi a 1953. Kamfanin ya karye a 1982, waɗanda suka saye sunan suka kwashe aikin zuwa Makau da wasu ƙasashen Asiya, don haka Matchbox da aka rubuta wa Ingila a ƙasanta ta girmi yawancin masu karanta wannan takarda. Idan Hot Wheels ce, ta kamfanin Mattel ce na Amurka, an fara ta a 1968, kuma yawancin waɗanda ke zuwa hannunmu a Malesiya ko Tailan aka yi su. Majorette da Norev na Faransa ne, su ne za ka fi samun ƙananan Peugeot da Renault a cikinsu. Ga kuma wani abu da ke ruɗar sabon shiga: shekarar da ke rubuce a ƙasan Hot Wheels ba ita ce shekarar da aka ƙera wannan da ke hannunka ba, shekarar da aka yi wa samfurin rajista ce, kuma ana iya ci gaba da buga shi shekara da shekaru bayan nan. Duk wanda ya nuna maka 1970 a ƙasan mota ya ce ka ƙara kuɗi don tsufanta, ka yi masa murmushi kawai.

Ka ga daga kifar da mota ɗaya ka taɓa tarihin masana'antu, ka taɓa taswira, ka fara tambayar yadda aka yi abin da aka ƙera a Malesiya, aka saya wa wani yaro a Turai, ya gaji da shi, ya shigo dilar gwanjo ya sauka Kano, ya biyo mota har gefen titi a Kurfi. Wannan tambayar ita ce ribar farko, kuma ba a sayenta.

Yanzu bari mu zo kan abin da na san yana ran da yawa daga cikinku, ko kun faɗa ko ba ku faɗa ba, wato hukuncin addini. Ba zan tsallake shi ba, don wanda ya tsallake shi a garuruwanmu bai yi muku nasiha ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kuma hana ta ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya taɓa ganin wani doki mai fukafukai na ƙyalle a cikin kayan wasan nata, ya tambaye ta, amsar da ta ba shi game da dawakin Annabi Sulaimanu ta sa shi dariya. An kuma ruwaito cewa matan sahabbai kan yi wa yaransu abin wasa da ulu don su shagala su kai azumin Ashura. Saboda haka ne malamai da dama suka cire kayan wasan yara daga hanin da ya zo a kan siffofi. Amma kada ku tsaya a nan ku ce an gama. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar nan, siffar abu mai rai wadda take da jiki har tana da inuwa, kuma gaɓoɓinta suka cika, haramun ce, sai 'yan tsanar 'yan mata da aka yi wa rangwame. Yaro mai wasa daban, baligin da ya jera mutum-mutumi a kan kanta yana kallo daban, kuma a kan na biyun akwai magana mai nauyi. Ni ba malami ba ne, ba kuma zan ba ku fatawa a mujalla ba. Ku je wurin malamin da kuka amince da iliminsa, ku faɗa masa gaskiyar abin da kuke tarawa da inda kuke ajiye shi, ku ji. Abin da zan iya cewa shi ne, mota da jirgi da keke da tarakta da 'yan gine-gine ba su da rai, babu wanda ya yi saɓani a kansu, kuma filinsu kaɗai ya ishi mutum har ya tsufa. Sha'awar da za ta riƙa sa ka fargaba duk lokacin da ka tayar da salla a ɗakinka ba ta kai ka inda ake so ba.

Sai kuɗi. Kun ga labarai a waya, na sani. A watan Agusta na 2024 an yi gwanjon wani ɗan mutum-mutumin roba na finafinan Star Wars, mai suna Boba Fett, a kan dala miliyan 1 da dubu 342. Gaskiya ne, an yi. Amma ku ji dalilin. Kamfanin Kenner ya ƙera shi a matsayin gwaji wajen 1979, da ɗan makami mai harbawa a bayansa, sai aka ji tsoron kada yaro ya haɗiye ya shaƙe, aka fasa fitar da shi kasuwa. 'Yan ƙalilan ne suka tsira a hannun ma'aikata. Ƙarancin nan ne ake saye, ba robar ba. Irin wannan ba zai faɗo a dilar gwanjo ba, kuma mai tonon tari yana neman sa ya bar jin daɗi ya koma caca. A Amurka ɗin ma, a shekarun 1990, mutane sun zuba ajiyarsu a kan wasu 'yan dabbobin ƙyalle da ake kira Beanie Babies, suna jiran farashi ya hau, ya kuwa hau, sannan ya rikito, aka bar su da kwalaye. Yanzu kuma ga yayin rufaffen kwali, irin na Labubu da kamfanin Pop Mart na Sin ke sayarwa: ka biya ba ka san wanne ke ciki ba, ka buɗe, idan ba wanda kake so ba ne ka sake biya. Wanda ya tsara wannan ciniki ya san zuciyar ɗan Adam sarai. Ku kiyaye shi.

Dokata a nan gajera ce. Kuɗin makaranta ba ya shiga, kuɗin aike ba ya shiga, bashi ba ya shiga. Abin da ka samu da guminka, ko barka da salla, ka cire na cirewa, ragowar ka yi sha'awarka. Kuma musaya ta fi saye daɗi: kana da jan Peugeot biyu, abokinka a Birchi yana da tifa biyu, kun gama magana.

Duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani tari da yake gabanku, ba ya cin kuɗi da yawa, kuma babu mai yin sa.

Idan kaka ta yi aka girbe dawa, kara ya bushe, ku fita bayan gari a Karofi ko Rawayau ko Wurma da yamma ku duba gindin bishiya. Za ku tarar da yara a zaune, kowa da reza ko guntuwar wuƙa. Yaro zai zaɓi karan da bai yi kauri da yawa ba, ya ɓare ɓawon a tsaye, siri-siri, ya ajiye gefe. Totuwar ciki mai laushi ita ce katakonsa, ɓawon nan mai kaifi kuma shi ne ƙusarsa. Zai yanka totuwa daidai tsawo, ya soke ta da ɓawo, ya haɗa gindin mota, ya tayar da gefe da gefe, ya bar wa direba taga. Taya kuwa daga tsohon silifa ake yanko ta, a zagaye, a huda tsakiya, a zira tsinke. Wanda ya ƙware yakan sa sitiyari: dogon sille da ya taso daga tayoyin gaba har zuwa ƙugunsa, yana tafe yana murzawa, motar na karya kwana. Wani zai ƙara mata madubi da guntun gwangwani, ya rataya mata lamba, ya ɗora mata lodin tsakuwa ya ga ko gindin zai ɗauka. Idan ya karye, ba mai koya masa, zai zauna ya gano inda nauyin ya taru ya ƙara tokari a wurin. Ku tsaya ku kalli hannun yaron nan na minti goma, sannan ku gaya mini ko akwai wata Hot Wheels da ta fi wannan labari.

Da damina kuma yumɓu ne. A bakin kududdufi ake gina doki da sirdinsa, da sa mai tozo da ƙahonin ƙaya, da raƙumi, a shanya a rana. 'Yan mata na da tasu duniyar: 'yartsanar ƙashi ko ta kara, a yi mata gashi da zare, a ɗaura mata zani da ƙyallen da aka roƙo wurin tela, a yi mata kitso, a yi mata biki da suna, a dafa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir. Ga motar langa-langa, ga ta gwangwanin madara, ga ta waya.

Ina waɗannan abubuwa suke bayan mako biyu? Akuya ta cinye motar kara, ruwa ya narkar da dokin, an share 'yartsana an zuba a juji. Haka aka yi tun kaka da kakanni, kuma a da babu damuwa, don baɗi wasu yaran za su yi wasu. Yanzu abin ya fara canzawa. Robar Sin ta yi arha, waya ta shiga hannun ɗan shekara bakwai, kuma a cikin gari sai ka daɗe ba ka ga mai tura motar kara ba. Ba kuka nake yi ba. Yaro yana da hakkin ya so abin zamaninsa. Amma abin da ake daina yi, idan ba a ajiye samfurinsa ba, ya tafi ke nan.

Kuma kada ku ɗauka motar kara iri ɗaya ce tun fil azal. Yaro abin da idonsa ya gani yake ƙerawa. Bayan da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, har 504 ta cika hanyoyin Arewa, ita yara ke kwaikwaya. Waɗanda suka ga manyan motocin aikin madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, da wuya a ce ba su gwada tifa da katafila ba. An yi zamanin a-kori-kura, an yi na tirela, an yi na babur ɗin haya, an zo na keke mai ƙafa uku. Jami'ar Tarayya ta zo Dutsin-Ma a 2011 da nata motocin da nata baƙin. A 'yan shekarun nan kuma, da rashin tsaro ya addabi wannan yanki, kowa ya ga abin da ya shigo wasan yara: bindigar kara, da babur mai goyon mutum biyu. Abin ba daɗin gani, amma shaida ce, kuma shaidar da babu ɗan jaridar da ya rubuta. Da a ce wani ya riƙa ajiye mota ɗaya kowace kaka tun daga 1987 da aka ƙirƙiri Jihar Katsina, da yau yana da tarihin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma a kan kanta guda, kamar yadda yara suka gan shi. Ba a yi ba. Amma wanda ya fara bana, nan da shekara ashirin shi ake nema.

Tunda na ambaci bindiga, bari in faɗi wannan in wuce: bindigar roba mai kama da ta gaske kada ta shiga tarinku, kada ta shiga jakarku. A shingen bincike da dare ba a tambayar ko ta wasa ce.

Yadda ake wannan tari ba wuya, amma yana son ladabi. Kada ka ƙwace, kada ka yi wa yaro wayo da alewa ɗaya. Ka tambaye shi ko zai sayar, ko zai yi maka wata irinta, ka biya shi abin da zai ji an daraja aikinsa, kuma da sanin iyayensa, musamman idan za ka ɗauki hotonsa. Sannan ka sayi littafin rubutu mai kauri. Kowane abu ka ba shi lamba, ka ɗaura masa 'yar takarda da zare, a littafin kuma ka rubuta wanda ya yi shi, shekarunsa, ƙauyensu, watan da aka yi, da kayan da aka yi da su. Ka tambaye shi wace mota ce wannan, ka rubuta amsar yadda ya faɗe ta, kada ka gyara masa. Wurin wa ya koya? Me ya fi ba shi wuya? Tarin da ba shi da littafi, ranar da mai shi ya kau, shara ne. Littafin ne ke mayar da guntun kara abin da malamin tarihi zai zauna a kansa.

Ajiya kuwa yaƙi ce da abokan gaba sanannu. Gara da ƙwari na son kara, don haka kada ya taɓa ƙasa ko bangon laka. Akwatin ƙarfe ko kanta mai gilashi, da busasshen ganyen bedi a ciki, ana dubawa lokaci-lokaci. Rana tana kashe launin roba tana sa ta gautsi, kada a jera a taga. Danshin damina yana sa gwangwani tsatsa, ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina, sai da tsohon burushin haƙori mai laushi. Abin yumɓu idan ya bushe sarai kana iya roƙon mai ginin tukwane ta gasa maka tare da tukwanenta, ya fi daɗewa. Idan da mai rarrafe a gida, ƙananan tayoyi da batura da maganaɗisu su yi nesa da shi, kuma kada a bar shi yana tsotsar tsohon fenti. Ko babban kamfani irin Mattel sai da ya janye tarin kayan wasa daga kasuwa a 2007 saboda dalma a fenti, balle wanda ba a san mai shi ba.

Akwai iyaka ɗaya da ba a ƙetarewa. Idan sunanka ya fita a matsayin mai son irin waɗannan abubuwa, wata rana wani zai iya zuwa maka da kan mutum na gasasshen yumɓu, ya ce a gona ko a rami aka tono. Kada ka saya. Ƙasar nan tana da tsoffin siffofin yumɓu masu shekaru aru-aru. An fara cin karo da na Nok a 1928 wurin haƙar kuza, kuma akwai waɗanda masana ke kira na Katsina da na Sakkwato, waɗanda aka yi ta tonewa a ɓoye ana fitarwa waje har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana cinikin irinsu ba da izini ba. Wannan ba kayan wasa ba ne, kuma wurinsa ba ɗakinka ba ne.

Na san za a tambaye ku, wannan abu me zai tsinana muku? Ana iya kawo misalai. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, da zanen motoci ya taso tun yana yaro, ya je ya yi karatun zane a Detroit, ya kai ga zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Taofick Okoya a Legas ya lura 'yan tsanar kasuwa duk farare ne, ya fito da Queens of Africa a 2007, har da mai suna Azeezah a madadin Bahaushiya. Haneefah Adam daga Ilori ta riƙa ɗinka wa 'yartsanar Barbie hijabi da dogayen riguna tana sa hotunan a Instagram, duniya ta waiwayo ta. Kuma ko a unguwa, da yawa daga cikin telolin mata a jikin 'yartsana suka fara yanka, kamar yadda ba a rasa tsohon mai motar langa-langa a cikin masu walda da kanikawa. Duk gaskiya ne. Amma ba na so ku jingina sha'awarku a kan wannan. Yawancinku ba za ku zana mota a Amurka ba, kuma ba laifi. Ba kowane abu ne sai ya haifi sana'a kafin ya halatta ba. Mutum ya dawo daga aji ko gona ko shago, kansa ya yi zafi, ya zauna rabin sa'a yana goge 'yan motocinsa yana sake musu jeri, ya tashi zuciyarsa ta yi sanyi, wannan kaɗai ya isa dalili. A lokacin da samari da yawa ke neman wannan sanyin a kwalbar maganin tari da ƙwaya, ni ban ga abin raini a wurin mai neman sa a kanta ba.

Abin da zan ja kunnenku a kai shi ne kada ku bar waya ta zaɓa muku abin da za ku so. Za ku ga ɗakunan wasu a intanet, bango guda cike da kwalaye da ba a taɓa buɗewa ba, fitilu ta ko'ina, sai naku ya yi muku ƙanƙanta. Wancan da kuɗi ya tara, kuma gobe wani zai fi shi. Ku zaɓi layi ɗaya da ya taɓa ku da gaske, ku bi shi: motocin da suka taɓa bin hanyoyinmu, ko kayan aikin gona, ko jirage, ko aikin yaran ƙauye ɗaya tak. Mai layi yana iya wuce abu ya bar shi ko da arha ne, kuma wannan iya barin shi ne alamar ya san abin da yake yi.

Game da gida, kada ka ɓoye, kada kuma ka yi musu. Idan Baba ya ce wannan wane irin shirme ne, ba da baki za ka amsa ba. Ya ga ba ka makara salla, ba ka faɗi jarrabawa ba, aiken da ya yi maka ka dawo da canji cif. Sannan wata rana da yamma, yana cikin nishaɗi, ka kawo masa motar kara ɗaya da littafinka, ka ce, "Baba, a zamaninku yaya ake haɗa sitiyarin nan?" Da wuya ya ƙi karɓa. Akwai yiwuwar ya ce ba haka ake yi ba, ya aika a kawo masa kara da reza. Idan ya yi, wannan ita ce lamba ta ɗaya a littafin, ko da ka riga ka ba wata. Ke ma ki tambayi Inna ko Goggo yadda suke yi wa 'yartsana gashi, da abin da ake yi ranar bikinta, ki rubuta.

Ƙananan gida za su so taɓawa, kuma suna da gaskiya, don su aka ƙera abin tun farko. Ka ware musu wasu da ba ka jin ciwon karyewarsu, ka zauna ka yi wasan da su, sauran ka rufe. Mai tarin da yaro ke tsoron shiga ɗakinsa ya ɓata wani abu.

Sha'awa kuma tana iya ƙarewa. Aure ya zo, ko aiki ya kai ka Abuja ko Fatakwal, ka duba akwatin ka ji ba ya motsa ka kamar da. Kada ka tilasta wa kanka, kada kuma ka bari a zubar. Na kanti ka raba wa yara ko ka sayar. Na hannu kuwa, tare da littafinsu, ka nemi inda za a riƙe su: makarantar firamaren da ka yi, ko wani malami a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ko a jami'a wanda aikinsa ya shafi al'ada, ko ka shiga mota ka kai gidan tarihi na Katsina da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina ka tambaya ko za su karɓa. Kafin ka miƙa, ka ɗauki hoton kowane shafi na littafin ka ajiye kwafi a wurinka.